Peter Lalor: Mahaƙin Zinaren da Ya Jagoranci Boren Eureka, Ya Ƙare Kakakin Majalisa

Ranar Lahadi 3 ga Disamba 1854, gari bai gama wayewa ba, sojoji da 'yan sanda 276 suka afka wa wani shingen katako da masu haƙar zinare suka kafa a Eureka, gefen garin Ballarat, a yankin Victoria na ƙasar Ostireliya ta yau. Ko rabin sa'a faɗan bai kai ba. Shugaban mahaƙan, wani ɗan Ayilan mai shekara 27 da ake kira Peter Lalor, harsashi ya ragargaza masa hannun hagu, abokansa suka tura shi ƙarƙashin tarin katako suka rufe, gwamnati kuma ta sa ladar fam 200 ga duk wanda ya tona inda yake. Shekara ba ta zagayo ba sai ga shi zaune a majalisar dokokin Victoria. A 1880 ya zama kakakin majalisar wakilai. Tsakanin wannan da wancan ya yi abubuwan da suka sa mutanen da suka durƙusa gabansa suka yi rantsuwa suka koma suna ce masa maci amana.

Abin da aka saba faɗa shi ne mulki ya canja shi. Ni dai da na bi rayuwar tasa daga farko, ban ga inda ya canja ba. Mutanen Ballarat ne suka ɗauke shi wani abin da bai taɓa cewa shi ne ba.

Gidan da ya fito

An haife shi ranar 5 ga Fabrairu 1827 a Tenakill, cikin gundumar da a lokacin ake kira Queen's County, Laois ta yanzu. Shi ne auta cikin 'ya'ya maza 11. Ba ɗan talaka ba ne. Mahaifinsa, Patrick Lalor, babban manomi ne mai faɗa a ji, ya kuma wakilci gundumarsu a majalisar Birtaniya daga 1832 zuwa 1835. Abin da ya fito da sunansa shi ne ƙin biyan ushirin da doka ta tilasta wa 'yan Katolika su riƙa bai wa cocin gwamnati, cocin da ba nasu ba. Yayan Peter kuma, James Fintan Lalor, marubuci ne mai zafin alƙalami, wanda ya riƙa cewa ƙasar Ayilan ta masu noma ta ce, ba ta iyayen gidan da ke karɓar haya ba. Ya rasu a 1849.

Wato yaron ya tashi a gidan da ake jayayya da hukuma, amma jayayyar mai abin hannu, wanda ke cewa ba za a tatse shi ba tare da an tambaye shi ba. Ya yi karatu a kwalejin Carlow, ya koyi aikin injiniyan gine-gine. Sai yunwar nan ta dankalin turawa ta faɗa wa Ayilan daga 1845, ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da haka. Gidan Lalor ma ya watse: wasu 'yan'uwan suka nufi Amurka, Peter da yayansa Richard suka hau jirgin ruwa zuwa Melbourne, suka sauka a Oktoban 1852.

Bai zarce filin zinare ba. Ya fara aiki a layin dogon da ake shimfiɗawa tsakanin Melbourne da Geelong, suka taɓa kasuwancin giya da kayan masarufi da yayansa, sannan a 1853 ya tafi haƙa a yankin Ovens. Farkon 1854 ya iso Ballarat, ya kafa tantinsa a Eureka, inda 'yan Ayilan suka fi yawa. Richard ya koma gida, daga baya shi ma ya zama ɗan majalisa a can.

Rami da lasisi

Ba za a gane boren ba sai an gane irin haƙar da ake yi a Ballarat a 1854, don ta bambanta da ta shekarun farko. Lokacin da aka gano zinare a wurin a 1851, a saman ƙasa yake, mutum ɗaya da diga da shebur da kwanon wanki zai iya dacewa. Kafin Lalor ya zo, wannan ya ƙare. Zinaren da ya rage yana can cikin kwarin wasu tsofaffin koguna da ƙasa ta binne tun zamanin da, kuma ba wanda ke ganin inda kwarin ya karkata daga sama. Sai dai a yi hasashe a fara haƙa. Ramin yakan wuce ƙafa 100, ta cikin yumɓu mai ruwa. Dole a sassaƙo katako a jera a jikinsa daga sama har ƙasa, in ba haka ba ya rufta da mutane. Dole a kwashe ruwa da guga dare da rana, domin in aka huta kwana ɗaya ramin ya cika, na maƙwabta ma ya cika. Aikin yakan ci wata shida ko fiye kafin a kai gindi, a can ne za a san ko an sauka kan kwarin ko an kuskure shi da 'yan ƙafafu. Da yawa sukan kuskure.

Irin wannan aiki mutum ɗaya ba ya iya shi. Mutane sukan haɗu rukuni-rukuni, kowa ya zuba kuɗinsa da ƙarfinsa, mai kanti ya ba su abinci bashi bisa alkawarin kaso. Saboda haka mahaƙin Ballarat ba lebura ba ne. Ƙaramin mai jari ne, wanda ya sayar da abin da ya mallaka a wata ƙasa, ya sha watanni a teku, ya binne ragowar a rami, yana jira.

A kan wannan mutum aka ɗora lasisi. Dokar Birtaniya ta ce duk zinaren da ke ƙasa na Sarauniya ne, don haka mai son haƙa sai ya sayi izini. Da farko sule 30 ne kowane wata. Bayan ƙorafin mahaƙan Bendigo a 1853 aka rage shi zuwa fam 1 a wata, ko fam 2 na wata uku. A biya kafin a fara, a samu zinare ko kada a samu. Abin da takardar ke ba mutum shi ne ɗan fili ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi. A gefe guda ga manyan makiyayan tumaki da ke riƙe da dubban eka a kan fam 10 a shekara, su ne kuma ke da baki a majalisa. Mahaƙi ba ya da ƙuri'a, ba ya da wakili, gonar da zai saya ya zauna ma an rufe ta hannun makiyayan.

Kuɗin ya yi ciwo, amma yadda ake karɓarsa ya fi ciwo. Doka ta ce takardar ta kasance jikin mutum kowane lokaci. To wanda ke tsaye cikin ruwa har ƙugu a gindin rami, ina zai sa takarda? Yakan bar ta aljihun busasshiyar rigarsa a tanti. 'Yan sanda su zo a kan dawakai, su kewaye wuri, su leƙa bakin rami su ce a fito. Mutum ya hau ƙafa 100 jiƙe sharkaf, ya ce takardata na tanti ga shi can, a ce ba a san wannan ba. Tarar fam 5 ce, rabinta kuma na ɗan sandan da ya yi kamun, ka ga ke nan ba shi da dalilin sauraron uzuri. Wanda ba ya da kuɗin, a kora shi bariki, in ɗakin tsaro ya cika a ɗaure shi da sarƙa jikin gungume. Da yawa cikin 'yan sandan tsofaffin fursunoni ne daga tsibirin Tasmaniya, aka ɗauke su don ma'aikatan kirki duk sun gudu haƙa. Mahaƙa sun ƙirƙiro nasu gargaɗin: da an hango dawakai sai ihun "Jo! Jo!" ya bi ramuka, marasa takarda su faɗa rami ko su shige daji. Ga ɗan Ayilan da ya baro ƙasarsa saboda jami'an Sarauniya, an yi gudun gara an tarar da zago.

A Yunin 1854 aka kawo sabon gwamna, Sir Charles Hotham, hafsan sojan ruwa. Ya tarar da baitulmali cikin gagarumin giɓi. Ya ziyarci Ballarat, aka tarbe shi da murna, aka nuna masa zinare, ya koma da ra'ayin cewa mutanen nan suna da kuɗi, taurin kai ne kawai. Ya ba da umarni a riƙa farautar lasisi sau biyu kowane mako.

Oktoba da Nuwamba

Daga nan abubuwa suka bi juna da sauri. Ranar 7 ga Oktoba aka kashe wani matashin mahaƙi ɗan Sikotilan, James Scobie, kusa da otal ɗin Eureka. Kowa ya nuna mai otal ɗin, James Bentley, amma majistare John D'Ewes, wanda aka san suna ɗasawa, ya wanke shi. Cikin kwanakin ne kuma ɗan sanda ya lakaɗa wa wani gurgu ɗan Armeniya duka, Johannes Gregorius, baran limamin Katolika Fada Patrick Smyth, wai ba ya da lasisi, alhali doka ba ta ɗora wa barorin limamai lasisi ba. Aka kuma ci tarar wanda aka daka. 'Yan Katolika suka ɗauki wannan cin fuska ga limaminsu.

Ranar 17 ga Oktoba dubban mutane suka taru kan maganar Scobie. A nan sunan Lalor ya fara fitowa, cikin kwamitin da aka naɗa don neman a sake shari'a. Aikin takarda ne, na bin doka. Amma bayan taron jama'a suka banka wa otal ɗin wuta. Gwamnati ta sake gurfanar da Bentley, aka ɗaure shi shekara uku, aka sallami D'Ewes, sai dai ta kuma tsinci mutum uku cikin dubban da ke wurin gobarar ta ɗaure.

Ranar 11 ga Nuwamba, a tudun Bakery Hill, aka kafa Ƙungiyar Neman Gyara ta Ballarat. Sakatarenta John Basson Humffray, ɗan Wales, mutum ne mai imani da takardar koke da lallashi. Buƙatunsu sun wuce lasisi: kowane namiji baligi ya samu ƙuri'a, a daina sharaɗin dukiya ga mai son tsayawa takara, a riƙa biyan 'yan majalisa albashi don talaka ma ya iya zama. Wakilansu uku suka je wurin Hotham ranar 27 ga wata. Suka ce sun zo da buƙatar dole ta a saki mutum ukun nan, gwamna ya ce ba a yi wa wakilin Sarauniya dole, magana ta mutu a nan. Ya ƙara turo sojoji. Ranar 29 aka yi wani babban taro, aka ɗaga sabuwar tuta, shuɗiya mai farin gicciye da taurari biyar, siffar taurarin nan na samaniyar kudu da ake kira Gicciyen Kudu, wasu suka jefa lasisinsu cikin wuta. Abin da Lalor ya yi ran nan bai wuce gabatar da ƙudurin a sake taro ranar Lahadi a zaɓi kwamiti ba.

Kashegari, 30 ga Nuwamba, Kwamishinan zinare Robert Rede ya yi abin da ko makaho ya san ƙarshensa: ya tura farautar lasisi, da sojoji a baya. Aka yi jifa, aka yi harbi, aka kama mutane. Jama'a suka ruga Bakery Hill suna neman shugabanninsu, ba su ga ko ɗaya daga masu jawabin jiya ba. Lalor ne ya hau kututture riƙe da bindiga.

Ya bayyana dalilinsa da kansa a wata wasiƙa da ya aika wa jaridu a Afrilun 1855, kuma a nan nake ganin mabuɗin mutumin yake. Ya ce ya duba ya ga mazaje masu gaskiya da suka yi tafiyar dubban mil don su yi aiki su tsaya da ƙafarsu, ya san ɗaruruwansu na cikin talauci alhali da an bar su sun noma dajin da ke kewaye da su da sun wadata, sai zaluncin da aka daɗe ana yi musu da harin ran nan suka faɗo masa a rai, ya hau kututturen da zafin zuciyar wanda aka ci wa mutunci, ya yi shelar 'yanci. A lura, bai ambaci ƙuri'a ba, bai ambaci jamhuriya ba. Mutunci ya ambata, da gona.

Da yamma wasu ɗaruruwa suka durƙusa ƙarƙashin tutar, suka ɗaga hannu, suka maimaita bayansa cewa sun rantse da Gicciyen Kudu za su tsaya wa juna da gaskiya, su yi yaƙi don kare haƙƙinsu da 'yancinsu. Aka zaɓe shi babban kwamanda, shi da bai taɓa aikin soja ba.

Shingen

Abin da suka gina ba ganuwa ba ce. Katakon jera rami ne da kekunan shanu da aka kifar, aka kewaye fili kimanin eka guda, har da tantuna da kantin wani a ciki. Bindigogi ba su isa ba, wani maƙeri Bajamushe ya yi ta ƙera mashi. Mutanen ciki kuwa daga ko'ina: Raffaello Carboni ɗan Italiya, wanda ya ga juyin 1848 a ƙasarsu, yana yi wa waɗanda ba sa jin Ingilishi tafinta; Frederick Vern daga Hanover, mai yawan cika baki; Henry Ross daga Kanada; Amurkawa masu ƙananan bindigogi da suka zo daga filayen zinaren Kalifoniya; da baƙaƙen fata irin su John Joseph ɗan Amurka da James Campbell ɗan Jamaika.

Lalor ya yi kurakurai, babba cikinsu kalmar sirrin da ya zaɓa ta daren Asabar: Vinegar Hill, sunan tudun da 'yan tawayen Ayilan suka gwabza da sojan Ingila a 1798. Mahaƙa 'yan Ingila da Sikotilan da suka zo don lasisi suka ji abin ya koma rigimar 'yan Ayilan da Sarauniya, da dama suka sulale. Wasu suka tafi neman abinci, wasu mashaya, wasu wurin iyalinsu, kowa na ganin ba za a kawo hari ranar Lahadi ba. Yawancin Amurkawan suka fita don tare hanyar sojojin da aka ce suna tafe daga Melbourne. Wurin da ya tara mutum fiye da dubu, kafin asuba bai fi 150 ba. 'Yan leƙen asirin Rede na ciki, sun kai labari.

Kyaftin John Thomas ya zagayo da mutanensa cikin duhu. Lalor ya hau wani tudun ƙasa yana ba da umarni, nan harsashi ya same shi. Da shingen ya faɗi, kisan bai tsaya ba: aka soke masu rauni da banati, aka cinna wa tantuna wuta, 'yan sandan doki suka sari mutanen da ko kusa da shingen ba su je ba. Jerin da Lalor ya fitar daga baya ya nuna mahaƙa 22 sun mutu, kusan rabinsu 'yan Ayilan. Sojoji aƙalla biyar suka mutu, har da Kyaftin Henry Wise. Aka kama fiye da mutum 100.

Shi kuwa da dare aka fito da shi, aka yi ta ɓoyonsa har aka kai shi gidan Fada Smyth, inda likitoci suka yanke hannun daga kafaɗa. Daga nan aka saci hanya da shi zuwa Geelong, wurin budurwarsa Alicia Dunne, malamar makaranta, ta yi jinyarsa. Mutane da yawa sun san inda yake, fam 200 kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ba wanda ya je ya karɓa.

Wanda ya ci riba da wanda aka bari

Gwamnati ta ci faɗan, ta faɗi a gari. Labarin kisan bayan faɗa ya fusata mutanen Melbourne, suka yi manyan tarurruka, Sakataren Mulki John Foster ya ajiye aiki. Hotham ya dage sai an tuhumi mutum 13 da cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa rataya ne.

Wanda aka fara gurfanarwa a Fabrairun 1855 shi ne John Joseph. Masana tarihi da dama na ganin da gangan aka sa shi gaba, bisa zaton Turawan da ke zaman yanke hukunci ba za su yi wata-wata ba wajen rataye baƙar fata. Ƙaramin jakadan Amurka ya riga ya yi faɗi-tashi an saki Amurkawa farare, Joseph kuwa bai waiwaye shi ba. Amma masu yanke hukuncin su 12 suka ce ba shi da laifi, jama'a suka ɗora shi kan kujera suka zaga titunan Melbourne da shi. Haka aka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ba wanda aka samu da laifi. Mutum ɗaya tak ya sha ɗauri saboda Eureka, shi ma ba ya cikin shingen: Henry Seekamp, editan jaridar Ballarat Times, kan abin da ya buga. Joseph ya rasu a Bendigo a 1858, aka binne shi ba ko alama a kabarin, sai a 2023 jakadiyar Amurka Caroline Kennedy ta je aka kafa masa allo.

A Maris 1855 hukumar binciken filayen zinare ta miƙa rahotonta. Aka soke lasisi, aka maye gurbinsa da takardar haƙƙin mahaƙi, fam 1 a shekara, wadda kuma ke ba mai ita ƙuri'a. Kuɗin da gwamnati ta rasa aka mayar kan zinaren da ake fitarwa waje, sule 2 da sisi kan kowace oza, wato wanda ya samu shi zai biya. Aka rushe ofishin kwamishinonin zinare, aka bar mahaƙa su zaɓi kotunan da za su tsara dokokin haƙa. Wasu daga abubuwan da Humffray ya roƙa da takarda aka hana, an bayar cikin 'yan watanni bayan an zubar da jini. Hotham bai ga ƙarshen abin ba, ya mutu ranar 31 ga Disamba 1855.

Sai dai rahoton nan da ya sauke wa Bature kaya, shi ya ɗora wa wani. Ya ba da shawarar a taƙaita shigowar 'yan Sin, a shekarar kuma aka sa harajin fam 10 kan kowane ɗan Sin da ya sauka tashar Victoria. Don kauce masa jirage suka riƙa sauke su a Robe, can Kudancin Ostireliya, su tako ɗaruruwan kilomita a ƙasa. Mutanen Wadawurrung, masu ƙasar da ake haƙe wa ciki, ba wanda ya sa su a lissafi. Matan Victoria kuma sai 1908 suka samu ƙuri'ar jiha.

A majalisa

Mahaƙa sun yi wa Lalor karo-karo. Abin da ya yi da kuɗin ya isa ya nuna musu ko wane ne: ya sayi gona eka 160 kusa da Ballarat. Aka janye ladar kamunsa, ya auri Alicia a Yulin 1855, a Nuwamba aka tura shi majalisa tare da Humffray ba hamayya.

Ya yi wa mutanensa wasu abubuwa, kada a ci haƙƙinsa. Ya nemi a biya diyya ga waɗanda aka ƙona wa dukiya a Eureka, ya goyi bayan a bar mahaƙa su shiga filayen masu zaman kansu in an biya mai fili. Amma da aka zo maganar zaɓe, sai ya tsaya bayan tsarin da ke bai wa mai dukiya ƙarin ƙuri'a. A 1857 ya jefa ƙuri'a ga dokar filaye da ta yi wa manyan makiyaya daɗi, dokar da mutum fiye da 17,000 a Ballarat suka sa hannu kan takardar ƙin ta. Da aka tasa shi gaba, bai ɓoye ba. Ya tambayi masu sukarsa me suke nufi da dimokuraɗiyya. In suna nufin aƙidar masu neman ƙuri'a ga kowa irin ta Ingila, ko kwaminisanci, ko jamhuriya, to shi bai taɓa zama ɗan dimokuraɗiyya ba, ba kuma zai zama ba. In kuwa ana nufin adawa da azzalumar jarida, ko azzalumar jama'a, ko azzalumar gwamnati, to nan yake tun da, nan kuma zai ci gaba da zama. Wanda ya sa "azzalumar jama'a" cikin jerin abokan gabansa ya gama gaya maka matsayinsa. Ya san Ballarat ba za ta sake zaɓensa ba, a 1859 ya koma mazaɓar South Grant.

Masu cewa ya ci amana suna da hujja guda mai ƙarfi: takardar ƙungiyar Bakery Hill ta nemi ƙuri'a ga kowa, mutane kuma sun mutu ƙarƙashin tutar da aka ɗaga a taronta. Wanda ya karɓi shugabancinsu ya karɓi buƙatunsu, ko ya furta ko bai furta ba. Wannan gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kujera ce ta lalata shi. Ɗan Patrick Lalor ne tun a kan kututture: mai ganin cewa mutumin da ya zuba guminsa da jarinsa ba a farautarsa kamar ɓarawo, kuma mai ganin cewa wanda ya mallaki abu ya fi wanda bai mallaka ba haƙƙin magana. A 1854 ra'ayoyin nan biyu sun sa shi gefe ɗaya da talakan mahaƙi, domin lasisi bai bambanta su ba. Da aka cire lasisin, sai bambancin ya fito fili.

Clunes, 1873

Haƙar ma ta canja. Zinare ya ƙara nisa, ya koma cikin dutse, sai da injin tururi da jarin kamfani. Rukunin abokai masu rami ɗaya suka ɓace, 'ya'yansu suka zama ma'aikatan albashi. Lalor ya bi jarin, ya zama mai hannun jari kuma darakta a kamfanonin haƙa, ciki har da mahaƙar Lothair da ke garin Clunes, arewa da Ballarat.

A 1873 ma'aikatan Lothair suka shiga yajin aiki kan ƙarin lokutan aiki na ƙarshen mako, musamman yammacin Asabar. Yajin ya ja watanni. Daraktoci suka yanke shawarar ɗauko 'yan Sin su maye gurbinsu. Ranar 9 ga Disamba, shekara 19 da 'yan kwanaki bayan Eureka, kekunan doki ɗauke da ma'aikatan suka doso Clunes da rakiyar 'yan sanda, suka tarar mutanen gari, maza da mata, sun tare hanya da shinge. Aka yi ruwan duwatsu, kekunan suka juya. A wannan karon Lalor yana ɓangaren da ya kira 'yan sanda.

Ba wanda ya fita da tsabta a Clunes. Kamfani ya nemi amfani da talaucin baƙi ya karya 'yan gari, 'yan gari kuma suka huce kan baƙin. Shekara mai zuwa aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar mahaƙa a Bendigo, kuma ƙin jinin 'yan Sin ya daɗe cikin jinin ƙungiyoyin ƙwadagon ƙasar. Su 'yan Sin ɗin 'yan ci-rani ne kamar yadda Lalor ya zo a 1852, an ɗora wa irinsu harajin shigowa da shi bai biya ba, ba su da wakili ko ɗaya a majalisar da yake zaune.

Abin bai hana shi ci gaba ba. Ya riƙe ministan kwastan da ciniki a gwamnatocin Graham Berry a shekarun 1870, sannan ya zama kakaki daga 1880 zuwa 1887, inda har abokan hamayya suka yaba da yadda yake riƙe zaure. An yi masa tayin lambar Sir, ya ƙi karɓa. Ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, 'yarsa da matarsa suka riga shi, ya sauka daga kujera majalisa ta ba shi fam 4,000. Ya rasu a Melbourne ranar 9 ga Fabrairu 1889. A 1893 aka kafa mutum-mutuminsa a titin Sturt na Ballarat, sanye da alkyabbar kakakin majalisa, akwai kuma unguwa a Melbourne da mazaɓar tarayya masu sunansa, mazaɓar da Julia Gillard ta wakilta har ta zama firaminista a 2010.